Ma'aikaciyar jinya a ƙauye za ta iya yin bincike, ko sai an je jami'a?

Maman Sadiya, Diamare

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan jinya, manya da ƙanana. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon bayanin.

Ni IDE ce, wato mai difilomar jinya ta gwamnati, ina aiki a wani CSI, ƙaramin asibiti na ƙauye, a Diamare, da ɗan nisa daga Marwa. Cikin ayyukan da ke wuyana har da sashen yara masu tamowa waɗanda ba a kwantar da su ba. Kowace Talata uwaye su zo, in auna nauyin yaro, in auna damtse, in danna ƙafa in ga ko akwai kumburi, in ba shi Plumpy'Nut, abincin gyaɗa na cikin leda da ake maganin tamowa da shi, ya ci a gabana don in san ko yana da marmarin abinci, sannan in ƙirga wa uwa ledojin mako. Duk yaron da damtsensa bai kai milimita 115 ba yana cikin ja a tef ɗin awo, namu ne.

Ga abin da ya dame ni. Da zarar ruwa ya ɗauke aka shiga dashen masakwa a karal, wato ƙasar lakar da ake dasa ta, sai layin Talata ya ragu, shafin waɗanda suka daina zuwa ya fara cika. Ma'aunin da ake duba mu da shi ya ce kada masu daina zuwa su kai kashi 15 cikin 100, mu kuwa a waɗannan watannin muna wuce shi. Duk lokacin da masu duba aiki suka zo, maganarsu ɗaya ce: uwaye ba su waye ba, a ƙara wayar da kai. Na yi wayar da kai har murya ta dushe, amma zuciyata ba ta yarda jahilci ne ba. Matar da ta ratso mayo, wato rafi, a watan Agusta, ruwa iya cinya, da yaro a goye, don ta karɓi leda, ba za ta wayi gari a Oktoba ta manta amfanin ledar ba.

Wata tsohuwa da ta kawo jikanta a madadin uwarsa ta ce mini, "'Yar nan, karal ba ya jira. In ƙasa ta bushe ba a dasa ba, shekara ta tafi." Maza na gaba suna huda ƙasa, mata da yara na biye da ruwa da dashe, ita kuwa uwa in ta zo wurina da safe ba za ta koma ba sai azahar. Wata ta ce ita ta taɓa zuwa ta tarar ledoji sun ƙare, ba ta sake ɓata ƙafarta ba. Wata ta ce maigida ne ya hana. Kowa da nata dalilin. Wanne ya fi yawa? Ba zan iya tsayawa gaban likitan distirik in ce masa "wata tsohuwa ta gaya mini" ba.

A makaranta mun yi darasin hanyoyin bincike, a shekara ta uku kuma kowa ya rubuta memuwar, wato kundin binciken kammala karatu, ya kare shi gaban malamai. Amma take ne aka raba mana, yawanci "sani da halayya da ayyukan mata game da kaza a unguwa kaza". Aka ɗaure da bango mai kyau, aka ba da maki, aka jera a kabad. Ban taɓa jin asibitin da ya canja ko da ranar awo saboda ɗaya daga cikinsu ba.

To, mai IDE kaɗai za ta iya yin bincike na gaske, wanda za a saurara? Ko sai na bar aiki da yara na tafi yin lisans, wato digirin farko? In za a iya, ta ina ake farawa, kuma wa ke ba da izini? Allah ya saka wa wanda ya amsa.

Baba Majo, Garwa

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka. Na daɗe da yin ritaya, amma wannan tambayar ta sa na nemo tabarau na zauna.

Za ki iya. Tambayar da ke hannunki ta fi da yawa daga cikin waɗanda na ga an kare a gaban malamai, domin daga ɗakin awo ta fito, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bari in gaya miki dalilin da ya sa nake girmama masu ƙirga. Mu da muka fara aiki da kinin a cikin ƙarin ruwa mun san wahalarsa. Awa huɗu kana tsaye kana ƙirga ɗigo da fitilar hannu, gabanka na faɗuwa kada sukarin yaro ya sauka, bayan awa takwas a sake ɗaurawa. Haka muka taso, haka muka koyar. A 2010 aka fitar da sakamakon babban gwajin da ake kira AQUAMAT, yara fiye da 5,000 masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a ƙasashen Afirka 9, aka ga allurar artesunat ta rage mutuwa da kusan kashi 22 cikin 100 in an kwatanta da kinin. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a koma artesunat. Manyan likitoci ne suka tsara gwajin, amma awon zafin jiki da rubuta lokacin allura a gefen gado da ƙarfe biyun dare, aikin irinmu ne. In da an cika takardun da ka, da sakamakon bai fito ba. Haka maganin rigakafin zazzaɓin damina da ake bi gida gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 a yankin Arewa da Arewa Mai Nisa tun 2016, shi ma gwaji ne ya haife shi.

Yanzu ga naki. Kada ki fara da tambayar uwaye. Fara da takardun da ke cikin kabad ɗinki. Ɗauko rajistocin shekara biyu ko uku, ki samu babban littafi, kowane yaro layi ɗaya. Rubuta watan da ya shiga, watan da ya daina zuwa, ƙauyensu, da ko akwai mayo tsakaninsu da ku. Sannan ki rubuta awon damtsensa na ranar ƙarshe da kika gan shi. Wannan na ƙarshen shi ne mutane ke mantawa, kuma shi ya fi magana. Yaron da ya ɓace a mako na biyu yana cikin ja, labarinsa daban da na wanda ya ɓace a mako na shida bayan kumatu sun ciko. Na biyun uwarsa ta ga ya warke ne a idonta, ga gona na kira. Na farkon kuwa ko dai ta fid da rai da maganinku ta tafi wani wuri, ko abin da muke tsoro ya faru.

Kuma ki yi hattara da wannan. Cikin waɗanda muke rubuta wa "ya daina zuwa" akwai waɗanda suka rasu a gida ba wanda ya zo ya faɗa. Sai rahoton wata ya nuna mutuwa kaɗan, masu daina zuwa da yawa, a yaba mana a wuri ɗaya a zarge uwaye a ɗayan. Ki tura wakilan lafiya na ƙauyuka su leƙa gidajen, su yi gaisuwa, su dawo miki da abu ɗaya: yaron yana raye ko babu.

Sai katin kaya na wurin mai kula da magani. Ki jera makonnin da Plumpy'Nut ya yanke a gefen makonnin da uwaye suka ɓace. In sun haɗu, kin samu amsar da ba ta uwaye ba ce.

Malama Hauwa, Ngaundare

Sannu da aiki ƙanwata. Baba, Allah ya ƙara girma, ka ɗauke mini rabin magana. Ni koyarwa nake yi a makarantar jinya, don haka zan taɓa ɓangaren izini da na karatu.

Abu biyu ne, kada ki haɗa su. Duba rajistar asibitinku don gyara aikinku, wannan ki sanar da shef ɗinku da likitan distirik a rubuce, su sa hannu, ya wadatar. Amma ranar da za ki zauna da uwaye ki yi musu tambayoyi da niyyar bugawa a mujalla, kin shiga binciken da ya shafi mutane. Sai kin rubuta tsarin aikin, shafi kaɗan ne: mene ne tambayar, su wa za a tambaya, yaya za a zaɓe su, ina za a ajiye bayanan. Sai ki miƙa wa kwamitin ɗa'ar bincike. Na ƙasa shi ne CNERSH a Yawunde, kuma ofishin lafiya na yanki a Marwa zai nuna miki ƙofar da za ki bi. Mujallar kirki ba za ta karɓi aiki babu wannan takardar ba, kuma ba a nemanta bayan an gama. Sunayen yara kada su fita daga rajista, ki ba kowa lamba.

Akwai wani abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba. Ke ce mai ba da leda. In kika tambayi uwa me ya hana ta zuwa, za ta faɗi abin da take ganin ba zai ɓata miki rai ba, ba za ta ce layinku ya yi tsawo ko an yi mata tsawa a gaban mutane ba. Ki samu wata mace da ba ma'aikaciyarku ba, mai jin Fulatanci da Giziga in akwai su a ƙauyukanku, ta yi hirar a gidajensu. A fara da gaya wa uwa cewa in ta ƙi amsawa ba abin da zai taɓa rabon ɗanta. Tambayoyin kuma a tsara su da harshen da za a yi hirar tun farko, kada a rubuta da Faransanci a bar wa mai tambaya ta juya yadda ta ga dama a kowane gida.

Kada ki raina ƙaramar tambaya. A Mirriya, cikin jihar Damagaram a Nijar, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun tambayi abu mai sauƙi: in aka ba uwaye tef ɗin awon damtse aka koya musu launukansa, za su iya gane tamowa da kansu? Aka gwada, aka buga sakamakon a 2015 da 2016. Uwaye sun iya, kuma a inda suke awon yara sun fi zuwa da wuri, waɗanda ake kwantarwa sun ragu. Yau ƙasashe da yawa sun ɗauki wannan tsarin. Ki lura, can ma uwayen da ake cewa ba su waye ba ne.

Maganar memuwar kuwa gaskiya kika faɗa, kuma tana yi mini ciwo. Malami ɗaya na duba ɗalibai masu yawa a 'yan watanni, ɗakin karatu babu sababbin mujallu, ɗalibi ya ƙarar da kuɗinsa a wurin buga takarda da ɗaurin bango. Take mai sauƙin dubawa shi ake bayarwa. Ni abin da nake yi yanzu, kafin ɗaliba ta zaɓi take sai na tura ta wurin majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, na sashen da ta yi sitaj, wato horon aiki, ta tambaye shi abin da ke hana shi barci, kuma bayan ta kare sai ta koma ta karanta musu sakamakon. Wasu majojin ba sa ba su lokaci, amma waɗanda suka ba su, aikin yakan fito da rai.

Game da lisans, ba zan ce miki ba shi da amfani ba. A 2014 Linda Aiken da abokan aikinta sun buga bincike a mujallar Lancet kan asibitoci 300 a ƙasashen Turai 9, marasa lafiya fiye da 400,000 da aka yi wa tiyata. Sun ga duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa ma'aikacin jinya yana ƙara haɗarin mutuwa cikin kwana 30 da kashi 7 cikin 100, kuma duk ƙarin kashi 10 na masu digiri a cikin ma'aikatan jinya yana rage haɗarin da kashi 7. Asibitocin Turai ne, kada mu ɗauko adadin mu liƙa wa CSI, amma ya nuna karatun mai jinya yana taɓa ran mara lafiya. Makarantar kimiyyar lafiya ta Jami'ar Katolika a Yawunde tana ba da lisans da masta a jinya. Jami'o'in Buya da Bamenda ma suna da digirin jinya, sai dai da Ingilishi. Makarantu masu zaman kansu sun yi yawa, kada ki biya ko sisi sai kin ga takardar izininsu daga ma'aikatar gwamnati da idonki. In ma'aikaciyar gwamnati ce ke, ki nemi takardar tafiya karatu kafin ki motsa, kada albashi ya tsaya.

Shawarata, ki yi ƙirgar Baba tukuna. In kin tafi karatu daga baya da littafinki a jaka, ba wanda zai raba miki take. Don lissafi kuma, Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 tana da tsangayar likitanci, ba za ki rasa mai duba miki tebur ba.

Abba, Kuseri

Gaisuwa ga Baba da Malama. Ni a ENASS, makarantar ma'aikatan lafiya ta Njamena, na yi karatu, a can nake aiki, kullum ta gadar Ngeli nake tsallakawa. Ban ƙi abin da kuka faɗa ba, amma akwai gefen da ba ku taɓa ba.

Yaya Maman Sadiya, da wane lokaci za ki yi wannan aikin? A ƙaramin asibiti mutum ɗaya ne mai duba marasa lafiya, shi ne mai karɓar haihuwa da dare, shi ne mai rigakafi, ƙarshen wata kuma ya kwana kan rahoton da za a shigar DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya. Ana ta cewa ma'aikatan jinya su yi bincike, amma ba a rage mana ko awa ɗaya, ba a ƙara sisi, kuma in ka yi ba ya ƙara maka matsayi. Ban faɗi wannan don in kashe miki gwiwa ba. Na faɗa ne don ki nemi shef ya ware miki yamma ɗaya a mako a rubuce, in ba haka ba aikin zai koma kan lokacin 'ya'yanki.

Na biyu ya fi ci mini rai. Wasu masu bincike sun taɓa zuwa sashenmu lokacin da yara masu tamowa suka cika gadaje, tsakanin Yuni da Satumba. Mu muka auna, mu muka cika takardu, mu muka roƙi uwaye da Larabcin Cadi su yarda. Aka ba mu ɗan kuɗin abinci. Bayan lokaci wani abokina ya turo mini takardar an buga ta a waje, sunayen marubuta reras, babu ma'aikacin jinya ko ɗaya, kuma ba wanda ya dawo ya gaya mana ko ya gaya wa uwayen abin da aka gano. Don haka in kika kai teburinki wurin wani babba ya taimaka da lissafi, ku yi magana tun ranar farko, a rubuce: tambayar taki ce, sunanki ne a gaba. Kunya ba ta da wuri a nan.

Kayan aiki ba sai kin saya ba. KoboCollect, manhajar cika takardun tambayoyi, yana aiki a waya ko babu intanet. Pan African Medical Journal tana karɓar rubutu da Faransanci, amma ana biyan kuɗin bugawa, ki sa shi a lissafi. Ni dai da ni ne, kafin mujalla zan fara da taron wata na distirik: shafi ɗaya, zane ɗaya mai nuna watanni, a gaban sauran shef-shef. Su ne za su iya canja ranar awo, kuma wataƙila wasunsu suna ganin irin abin da kike gani.

Maman Sadiya, Diamare

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, na bi maganarka. Na samu rajistocin shekara biyu cikakku, ta ukun ruwa ya taɓa ta, wasu shafuka ba sa karantuwa. A shekara ɗaya ledoji sun yanke daidai lokacin dashe, a ɗayar ba su yanke ba amma uwaye sun ragu duk da haka. Kuma da yawa daga cikin waɗanda suka ɓace, awonsu na ƙarshe ya riga ya fita daga ja ya shiga rawaya. Wakilinmu ya fara zagaya gidaje. Ɗaya daga cikin yaran da aka rubuta ya daina zuwa bara, ashe ya rasu, Allah ya sa mai ceto ne. Uwarsa ta ce ba ta ga amfanin zuwa ta faɗa ba.

Abba, na ji gargaɗinka, shef ya ba ni yammacin Alhamis.

Malama, ga sabuwar tambaya. Da shef ya ga littafin sai ya ce bana lokacin dashe mu buɗe awo da yamma bayan la'asar, kuma mu nemi izinin ba yaran da suka fara murmurewa ledojin mako biyu a haɗe. In muka canja yanzu, ban ɓata binciken ba? Ko in roƙe shi mu jira sai na gama?

Malama Hauwa, Ngaundare

Kada ku jira, ƙanwata. Ba a riƙe abin da ake zaton zai taimaki yara don tebur ya yi kyau. Shekaru biyun da kika ƙirga sun zama "kafin", bana ta zama "bayan".

Sai dai ku fara da awon yamma kaɗai. In kuka canja abu biyu a tare kuma uwaye suka dawo, ba za ki san wanne ya yi aiki ba. Rabon mako biyu kuma sai likitan distirik ya amince, kuma ban da yaro mai kumburi ko wanda nauyinsa ya tsaya. Ki rubuta ranar da kuka fara, ranar da ruwa ya ɗauke bana, da duk makon da kaya suka yanke. Yadda kuke yanke cewa yaro ya daina zuwa ya zauna yadda yake a shekarun baya, kada a sassauta. Rajistar da ruwa ya taɓa ki ajiye ta gefe, ki faɗa a rubutunki cewa kin cire ta da dalilin cirewar.

Ki turo mini teburin ta saƙon sirri, lambobi kawai ba sunaye, mu fara tsara takardar da za ta je kwamitin ɗa'a kafin a yi hira da uwaye.